Matar da ake tsinewa a kasuwa, alhali ba ta taɓa taka Maraɗi ba

Duk wanda ya saba ratsa layin masu atamfa ko na masu kayan miya da hantsi, a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, ya san irin wannan hira. Za ka tarar da mata uku ko huɗu sun haɗa kai, murya ta tashi, ana tsine wa wata mata. Ta raba ɗa da uwarsa, ta ɓoye takardun gado, ta yi wa yarinya ƙazafi, kuma har yanzu mijin bai farga ba, shi dai sakarai ne. Baƙo zai tsaya ya tambaya a wace unguwa take, ko an kai ta gaban alƙali. Sai a kwashe da dariya. Matar ba ta taɓa taka Maraɗi ba, Hausa ma ba ta ji. Cikin akwatin talabijin take, kuma bayan azahar za ta sake fitowa ta ɗora daga inda ta tsaya.

Mu ma masu rubuta wannan shafi ba mu fi ƙarfin abin ba. Mun sha jin haushin kuran idan ya tafi daidai lokacin da asirin muguwar zai tonu. Shi ya sa muka ga ya kamata mu duba wa masu karatunmu daga ina wannan sana'a ta fito, kuma wa ke cin ribar hawayen da muke zubarwa. Domin sana'a ce, kuma ƴan kasuwa ne suka ƙirƙiro ta.

A Amurka abin ya soma, a rediyo, tun kafin talabijin ta shiga gidaje. A shekarar 1930 wata malamar lakkwal mai suna Irna Phillips ta fara rubuta wa wani gidan rediyo na birnin Shikago ɗan gajeren wasa na minti 15, wanda ake sakawa da rana, labarin kuma ba ya ƙarewa, gobe ma akwai ci gaba. Da rana maza sun fita aiki, yara suna lakkwal, mata ne a gida suna wanki da girki, rediyo na kunne. Masu kamfanonin sabulu suka lura cewa waɗannan matan su ne masu sayen kayansu. A 1933 kamfanin Procter & Gamble ya ɗauki nauyin wani wasa mai suna Ma Perkins domin tallar garin sabulunsa Oxydol. Jarumar wasan mace ce da mijinta ya rasu, tana riƙe da wurin sayar da katako, tana kuma sasanta rigingimun mutanen garinsu. Da a Yamai take, da a kasuwar Katako za mu same ta. Shekara 27 aka yi ana wannan wasa, sai a 1960 ya tsaya. Daga nan ne Amurkawa suka laƙaba wa irin waɗannan shirye-shirye sunan da ke nufin wasan sabulu, sunan da ya bi su har yau.

To ƴar kasuwa ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani a nan. Mai ƙosai ta san dalilin da ya sa take soya na farko tun kafin masu saye su taru: ƙamshi ne ke kiran mutane. Labarin shi ne ƙamshin. Abin da gidan talabijin ke sayarwa a zahiri shi ne idanun masu kallo, yana sayar da su ga masu talla, ko kuma ga mu kanmu ta hanyar kuɗin wata na parabol. Shi ya sa ake yanke shiri a daidai inda aka buɗe ƙofa, ko inda likita ya buɗe baki zai faɗi wane ne uban yaron. Kuma shi ya sa muguwa ba ta mutuwa da wuri. Ranar da ta tuba, ranar ciniki ya mutu.

Amma kuskure ne a ɗauka cewa mai kallo tana zaune ne kawai ana zuba mata abin da aka ga dama. Abin da ya faru a Indiya ya isa misali.

A watan Yulin 2000 tashar Star Plus ta fara wani shiri na Ekta Kapoor wanda sunansa ke nufin cewa uwar miji ma ta taɓa zama matar ɗan wata. Labarin Tulsi ne, ƴar talaka mai ladabi da ta auri Mihir, ɗan babban gidan masu kuɗi, ta kuma faɗa hannun uwar miji da matan ƴan uwanta. A 2001 marubutan suka kashe Mihir a hatsari. Sai ƙasa ta ɗauka. Wasiƙu da buge-bugen waya suka yi wa kamfanin yawa, mata suka yi zanga-zanga suna neman a maido musu da shi, wasu kuma suka yi ta juyayi kamar an yi rashi a cikin gidansu. Kamfanin ya duba ya ga ba shi da mafita. Sai aka ce ai Mihir bai mutu ba, hankalinsa ne ya gushe ya manta ko shi wane ne, kuma aka dawo da shi a daidai lokacin da ake shirin ɗaura wa Tulsi aure da wani. Wannan dawowa tana cikin shirye-shiryen da aka fi kallo a tarihin tashoshin parabol na Indiya. Ke nan masu kallo sun tada matacce, kamfani kuma ya ci riba sau biyu, ya ci ta mutuwa ya ci ta tashi. Shirin ya ci gaba har 2008, kashi fiye da 1800. A wannan shekarar ne ma hukumomin Afganistan suka umurci a daina nuna shi a ƙasarsu, inda aka fassara shi ya kuma mamaye gidaje. Ita kuwa Smriti Irani da ta fito a matsayin Tulsi, farin jinin ya raka ta cikin siyasa, a 2014 ta zama minista a gwamnatin Indiya.

Ba kullum ne zaɓin masu kallo ke da daɗin ji ba, kuma wannan sai mun faɗa. A shirin General Hospital na Amurka, wanda ake nunawa da rana tun 1963, an shigo da wani ɗan iskan gari mai suna Luke da niyyar ya yi ƴan makwanni a kashe shi. A 1979 aka nuna ya yi wa wata matar aure, Laura, fyaɗe. Maimakon a tsane shi, sai masu kallo da yawa suka kamu da son ganin su biyun tare. Marubuta suka bi inda kuɗi yake, suka mai da abin soyayya. A watan Nuwamban 1981 aka ɗaura musu aure a cikin shirin, mutum kusan miliyan 30 suka kalla, adadin da wani wasan rana a Amurka bai taɓa samu ba. Sai a 1998 shirin ya koma ya kira abin da sunansa, lokacin da ɗan da suka haifa ya ji labari ya tuhumi ubansa. Kusan shekara 20 ke nan ana nuna wa ƴan mata cewa wanda ya keta miki haddi zai iya zama masoyinki na har abada. A ganinmu wannan ya fi duk wata sumba da ake rufe wa yara ido a kanta muni, amma ita sumbar ce ake ta yi wa surutu.

A nan yankinmu, waɗanda suka manyanta ba za su manta da Marimar ba. Shirin ƙasar Meksiko ne na 1994, wanda aka juya zuwa Faransanci ya zaga gidajen talabijin na Afirka ta yamma. Yarinya ce marainiya a bakin teku, ba ta yi karatu ba, tana zaune da kakanninta da wani kare mai magana a zuci. Serjiyo, ɗan mai arziki, ya aure ta don ya ƙuntata wa ubansa da matar ubansa Anjelika. Tambayi duk wadda ta kalla abin da ya fi tsaya mata a rai, da wuya ba ta ambaci ranar da Anjelika ta jefa abin hannu cikin taɓo ta sa Marimar ta ɗauko shi da haƙora ba. Daga baya aka ƙona bukkar kakannin suna ciki. Sai ga shi uban yarinyar attajiri ne, ta yi ilimi, ta canza suna, ta dawo ta rama ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da Talia, wadda ta fito a matsayin Marimar, ta ziyarci ƙasar Filifin a 1996, tarbar da aka yi mata ta yi kama da ta shugaban ƙasa.

Me ya haɗa mai sayar da daddawa a Tawa da yarinyar bakin tekun Meksiko? Teku babu, kare mai magana babu, tufafin ma ba irin namu ba ne. Amma taɓon nan kowa ya san shi. Duk yarinyar da aka kai gidan da ya fi na ubanta, aka riƙa tuna mata daga inda ta fito, ta san ɗanɗanonsa. Duk wadda aka taɓa aje wa abinci a ƙasa alhali ga tabarma, ta san shi.

A nan ne muke ganin amfanin hirar kasuwa yake, kuma a nan ne masu yi wa mata dariya ba su fahimci komai ba. A al'adarmu mace ba ta zama cikin mutane ta faɗi abin da uwar mijinta ke yi mata. Kunya ta hana, tsoron a kai magana ma ya hana, domin kasuwa kunnuwa gare ta. Amma uwar mijin Tulsi ba ta da dangi a Maraɗi. Ana iya zagin ta son rai, a auna laifinta, a yanke mata hukunci, ba wanda zai ɗauki maganar ya kai gida. Idan ka saurara da kyau, za ka ji inda hirar ke karkata. Wata ta dage cewa yarinyar ta yi haƙuri domin ƴaƴanta, wata ta ce haƙurin ne ya kashe uwarta, ta tattara kayanta ta tafi. Dattijuwar da ke gefe, wadda ta aurar da ɗa bara, sai ta ce ai ba a jin ta bakin uwar mijin, ita ma wahala ta sha kafin ɗan ya zama mutum. Kowacce sunan ƴar fim take kira, amma shari'ar gidanta take yi. A wurin foyandi da wurin zubin adashi ma haka abin yake. Mun tabbata akwai shawarar da aka ba wata a fakaice ta wannan hanya, wadda da an faɗa mata kai tsaye da zumunci ya ɓaci.

Maza kuma kada su yi saurin wanke kansu. A fada, ana jiran shayi na biyu ya nuna, za ka ji mai cewa shi ba ya kallon shirmen mata, amma ya fi kowa sanin wanda ya saci takardun fili. Wai wucewa yake yi ta tsakar gida sai idonsa ya faɗa. Kullum a sa'a ɗaya yake wucewa.

Abin da ya canza cikin ƴan shekarun nan shi ne yawan abin. Da can gidan talabijin ɗaya ne, shiri ɗaya, a sa'a ɗaya, unguwa duka ta taru a gidan mai akwati, a kalla a watse. Yanzu akwai tashoshi irin su Novelas TV da Zee Magic waɗanda ba su da wani aiki sai wannan, safe da rana da dare. Ga na Indiya da ake juyawa zuwa Hausa a Kano, ga masu tura su cikin salula a bakin kasuwa da ƴan kuɗi kaɗan. Shirin ya baro ɗaki ya biyo ƴar kasuwa har rumfa. Wadda ta taɓa ba da canjin jika biyar ga wanda ya miƙa jika biyu, saboda ido na kan salula, ta san abin da muke nufi. Ita dai Anjelika ba za ta cika mata gurbin ba.

Wani canjin kuma ya fi wannan nauyi. Tun da tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, daga baya kuma Kwana Casa'in da Labarina na Aminu Saira, mugu da muguwa sun daina zama mutanen nesa. Hausa suke yi, suna da uwa da uba da unguwa, ana iya haɗuwa da su a tasha ko wurin biki. Wanda ya tsine wa Anjelika bai cuci kowa ba, tana can Meksiko ba ta ma ji ba. Amma ƴar wasan Kano da aka ba matsayin muguwar kishiya, ita da danginta suna jin abin da ake faɗa, kuma akwai masu kallon da ba sa raba ta da aikin da aka sa ta. Alhali in ta sa ka ji kamar ka shiga akwati ka shaƙe ta, to ta iya sana'arta ke nan. Dubi Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu cikin Labarina: tsoho mai son banza, mai cin amana, amma da ya fito sai gida ya yi tsit, domin ba wanda ke son ya rasa abin da zai faɗa. Haka kuma lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, an daɗe ana gardama, wasu suna cewa su ba su san wannan Sumayyar ba, kamar an musanya musu ƴa a ɗakin haihuwa.

Can Amurka inda aka haifi abin, kasuwarsa ta ja baya. Mata sun fita aiki, tashoshi sun yi yawa, masu talla suka bi masu kallo zuwa wani wuri. Guiding Light, wanda Irna Phillips ta fara a rediyo a 1937 ya koma talabijin a 1952, an rufe shi a watan Satumban 2009 bayan shekara 72. As the World Turns ya bi bayansa a 2010. Masu son su sun rubuta wasiƙu, sun yi kuka, amma a wannan karo yawansu bai kai ya biya kuɗin aikin ba, ba a kuma tada kowa daga kabari ba.

A Indiya kuwa lissafin ya fita daban. A watan Yulin 2025, shekara 17 bayan an rufe shirin, Star Plus ta sake buɗe ƙofar gidan su Tulsi. Smriti Irani, wadda ta rasa kujerarta ta majalisa a zaɓen 2024, ta koma ta ɗaura sarinta. Mihir ma ya dawo, kuma Amar Upadhyay ne, shi dai wanda aka yi wa zanga-zanga a 2001.