Yadda Sabon Irin Cuta Ya Ke Ture Tsohon Iri

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, duk wanda ya bi labarin annobar Korona ya ji sunaye uku, watau Alfa da Delta da Omikron. Kowane ɗaya ya yi zamaninsa, sa'an nan wani ya zo ya ture shi. Mutane da yawa sun ce wai likitoci ne su ke ƙaga sunaye don su tsorata jama'a. Tun da ya ke mu ne za a riƙa yi wa irin wannan tambaya a garuruwan da za a tura mu, na ga ya kamata in ɗan bayyana yadda abin ya ke.

An fara ganin cutar a birnin Wuhan na ƙasar Sin cikin Disamba 2019, aka kuwa tabbatar da ita a Ikko ran 27 ga Fabrairu 2020. Abin da ke kawo ta wata 'yar ƙwaya ce wadda ido ba ya gani, ba ta kuwa iya hayayyafa sai a cikin jikin mai rai. A cikinta akwai wani abu kamar rubutu mai baƙaƙe wajen 30,000, shi ne ke faɗin yadda za a ƙera sabuwar ƙwaya. Duk sa'ad da za ta haihu sai an kwafe wannan rubutu. To, mu malamai mun san halin kwafi. In ka sa yaro ya kwafi darasi daga allo, na biyu ya kwafa daga littafinsa, na uku daga na biyu, kafin a kai ƙarshen aji lalle kuskure ya shiga, kuma duk wanda ya kwafa daga mai kuskure ya gāji kuskuren. Haka ƙwayar nan ta ke. Yawancin kurakuran ba su ƙara mata kome, waɗansu ma nakasa ta su ke yi. Amma jifa-jifa a kan sami wanda ya ba ta wani ƙarfi, daga nan sai a ce an sami sabon iri.

Sabon irin ba ya yaƙi da tsohon, ba ya kuwa kashe shi. Tsere su ke yi a kan abu guda, watau mutanen da ba su kamu ba tukuna. Ku dubi wutar daji. Inda wuta ta riga ta cinye ciyawa, wata wutar in ta zo ba ta samun abin ci, sai ta mutu. Wanda ya kamu ya warke, jikinsa ya kan gane ƙwayar ya tare ta har wani lokaci, ya zama kamar ƙonannen fili. Saboda haka irin da ya fi sauri shi ke riga ɗan'uwansa isa wurin mutane.

Bari mu yi lissafi irin na aji, da lambobin da na zaɓa don misali kawai. A ce a wani gari mutum 1,000 suna da tsohon iri, mutum 10 kaɗai ke da sabon. A ce kowane mutum goma masu tsohon iri suna sa wa mutum goma, amma goma masu sabon suna sa wa goma sha biyar. A kewaye na fari masu sabon iri sun zama 15. A na biyar sun kai 76, har yanzu ba wanda zai kula da su. A na goma sun kai 577, a na goma sha biyu kuwa sun kusa 1,300, sun wuce tsohon da ya tsaya a 1,000. In kowane kewaye kwana biyar ne, ashe wata biyu ke nan. In kuwa jama'a suka rage cuɗanya har goman tsohon iri suka koma sa wa takwas, goman sabon za su sa wa goma sha biyu. Watau tsohon yana ta raguwa har ya ɓace, sabon kuwa yana ta hauhawa.

Haka aka gani a Ingila. An fara samun Alfa a yankin Kent cikin Satumba 2020, ya fi na dā saurin yaɗuwa da misalin rabi, zuwa farkon 2021 ya mamaye ƙasar. Delta kuwa a Indiya aka fara ganinsa wajen ƙarshen 2020. Ya yi ɓarna ƙwarai a can cikin Afrilu da Mayu 2021, zuwa watan Yuni kuma ya ture Alfa a Ingila. A nan Nijeriya ma an yi wani iri mai suna Eta, wanda aka gane cikin Disamba 2020. Ya yawaita a farkon 2021, amma da Delta ya iso sai aka daina jin ɗuriyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta sa musu waɗannan sunaye na baƙaƙen Helenanci tun ƙarshen Mayu 2021, don kada a riƙa laƙaba wa cuta sunan wata ƙasa.

Omikron ya bi ta wata hanya dabam. Masana na Afirka ta Kudu ne suka ba da labarinsa ran 24 ga Nuwamba 2021. A jikin ƙwayar akwai 'yan ƙayoyi waɗanda ta ke maƙale wa mutum da su, da su ne kuma jiki ya ke shaida ta. To, Omikron ya zo da canji fiye da 30 a ƙayar nan, kamar ɓarawon da ya sake tufafi ya wuce ta gaban mai gadi. Mutanen da Delta ba ya iya kamawa, don sun taɓa kamuwa ko an yi musu allura, shi yana iyawa. Filin da ya ƙone ga Delta, ga Omikron ɗanyar ciyawa ce. Zuwa Janairu 2022 ya ture Delta a yawancin ƙasashen duniya.

Wannan al'amari ya daɗe. Irin murar nan mai tsanani ta 1918, wadda tsofaffi ke kira marisuwa, zuriyarta ta yi ta yawo cikin mutane har 1957, sa'ad da wata sabuwa ta fito daga Asiya ta kawar da ita. Ita ma a 1968 wata ta ɓullo ta wajen Hon Kon ta kawar da ita.

Akwai wata magana da na ke so mu yi hankali da ita, wai kowace cuta in ta daɗe sai ta yi laushi. Tseren nan bai kula da laushi ko tsanani ba, abin da ya kula da shi kaɗai shi ne yawan mutanen da a ke sa wa. Delta ya fi Alfa kwantar da mutane a asibiti, duk da haka ya ci tseren. Omikron ya fi sauƙi ga yawancin waɗanda ya kama, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne ya tarar da jikuna da yawa sun riga sun san cutar. Gama ko da ya ke allurar rigakafi ba ta hana shi shiga sosai ba, ta tsare mutane masu yawa daga ciwo mai tsanani da mutuwa.

Ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lokacin gaggawa ya wuce, amma ƙwayar ba ta ƙare ba, zuriyar Omikron ce ta ci gaba da canzawa. Kowane mutum da ya kamu, an sami wani wurin kwafi ke nan inda sabon kuskure zai iya shiga. Don haka yaro mai zazzaɓi da tari ya huta a gida, a buɗe tagogin aji iska ta shiga, in kuwa masu allura sun zo gari mu fara miƙa hannu don iyayen yara su gani. Wanda ya tambaye mu dalili, mu ɗauki alli mu yi masa lissafin nan a allo. Allah shi kiyashe mu, amin.