Yadda ake gane shekarun tsohuwar sifana

A garejojin Birnin Konni, inda makanikan Bazaga ke zuwa sayen kayan aiki, tsohuwar sifana takan faɗi shekarunta da kanta. A goge tsatsar, a duba rubutun da ke jikinta. Idan an buga "West Germany", an ƙera ta ne tsakanin 1949 da 1990. Lambar milimita tana iya nuna kayan motocin Faransa irin Peugeot 404, wadda ta fito a 1960, kuma kamfanin Facom ya yi suna wajen ƙera irin waɗannan sifanu. Mai harafin W ko BSF kuwa ta Ingila ce, ta tsofaffin Land Rover. Irin waɗannan bai kamata a sayar wa masu gwangwan ba.