Dalilan da ke hana rimot na gama-gari koyon saƙon tsohon rimot

A garuruwa irin su Yola ta yankin Karaye da Rogo a yammacin jihar Kano, gidan kallo ba na ƙwallo ba ne kaɗai. A nan matasa da dama ke bin muhawarar 'yan takara da sanarwar sakamakon zaɓe. Idan rimot ɗin dikoda ya lalace a irin wannan dare, mai gidan kan nemi na gama-gari, wanda ke kwaikwayon saƙon na asali. Sau da yawa koyon yakan ci tura.

Rimot yana aika saƙo ne da hasken infared, wanda ido ba ya gani. Hasken na kunnuwa yana mutuwa sau dubbai a daƙiƙa guda: tsarin NEC, wanda ya fi yaɗuwa, yana aiki da kilohaz 38, na RC-5 na kamfanin Philips da 36, na Sony kuma da 40. Rimot mai koyo yana ɗaukar wannan ƙiftawa ne ya adana, don haka duk wani haske da ya gauraya da ita yakan ɓata karatun.

Babban mai laifi shi ne rana, domin haskenta cike yake da infared. Doguwar fitilar lantarki ma takan kawo cikas. Ya fi dacewa a yi koyon a cikin ɗaki mai duhu, a ajiye rimot ɗin biyu a kan tebur suna fuskantar juna, da tazarar kamar yatsu biyu ko uku. Sai kuma batir: wanda ya yi sanyi na iya canja tasha, amma saƙonsa ba zai fita sarai ba. Ƙurar hunturu da ta lulluɓe idon rimot ma sai an goge ta.

Gwaji mafi sauƙi yana cikin aljihu. A saita kyamarar waya a kan idon rimot, a danna maɓalli. Yawancin wayoyi za su nuna ɗan haske mai ƙiftawa. In an gwada waya biyu ba a ga komai ba, ko dai tsohon rimot ɗin ya mutu, ko kuma da Bluetooth yake aiki, kamar na wasu akwatunan intanet, kuma wannan ba ya koyuwa ta infared.

Akwai matsalar da ta fi rikitar da mutane: maɓalli ya yi aiki sau ɗaya, a danni na biyu ya ƙi. Tsarin RC-5 yana sauya wani ɗigo na saƙon a kowane danni, domin na'ura ta bambanta sabon danni da riƙe maɓalli. Rimot mai koyo kuwa siga ɗaya ya adana, sai talabijin ta ɗauka ba a saki maɓallin ba. A nan maimaita koyo ɓata lokaci ne. Shigar da lambar kamfanin daga takardar da ta zo da rimot ɗin ita ce mafita.