Kai Iyali Hutu Gana: Tun Daga Takardun Yara A Ke Fara Shiri

Da ma dai a wurin yawancin mutanenmu mazauna Kudu, in an ce hutu ya zo to Arewa a ke nufi. Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen watan Yuli sai a ɗaure kaya a nufi gida, yara su ga kakanni. Amma a 'yan shekarun nan a kan sami magidanta a Agege da Idi Araba da Sabon Badun da Shagamu waɗanda kan ce bana sai sun kai iyali wata ƙasa sun buɗe ido. Ƙasar da ta fi zuwa bakin mutane kuwa ita ce Gana, domin kusa ta ke. Daga Ikko zuwa Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, kimanin kilomita 460 ne ta bakin teku, watau bai ko kai rabin tafiyar Ikko zuwa Kano ba. Ga kuma dangi. Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja Hausawa su ka kafa zanguna a can, har yau kuwa da wuya ka sami tsohon gidan 'yan goro da ba shi da wani nasa a Kumasi ko Nima.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne zancen nan da a ke yi cewa Gana ba a bukatar biza. Gaskiya ne. Yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS su ka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar iznin shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Amma fa yarjejeniyar nan ita kanta ta ɗora sharaɗi biyu: takardar tafiya mai rai, da takardar shaidar rigakafi. Mutum shi kaɗai, da 'yar jakarsa a kafaɗa, ya kan yi dabara ya wuce. Mai mata da 'ya'ya biyar ba shi da wannan dama. In takardar yaro ɗaya ta sami matsala, duk gidan ne za su sauka daga mota su tsaya a rana a Seme, direba kuwa ba zai jira ba.

Saboda haka shirin ba daga tasha ya ke farawa ba. A ɗauko takardun kowa a baje a tabarma tun saura wata uku.

Kowane rai sai da fasfonsa, har jaririn da ke goye. Tsohon tsarin nan na rubuta sunan yara a fasfon uwa ya daɗe da shuɗewa. Kafin a ba yaro fasfo kuwa sai ya na da lambar ɗan ƙasa ta NIN, ita ma ba a yi wa ƙaramin yaro sai an haɗa da lambar uba ko ta uwa. Sa'an nan ana neman takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da wasiƙar amincewar iyaye. A nan ne mutanenmu su ka fi shan wuya, kuma ba don rashin kuɗi ba. Yaro sunan yankansa Muhammadu, a gida ana ce masa Sani, a makaranta an rubuta Sani da sunan garinsu, a takardar asibiti kuma an sa sunan kakansa. Ranar haihuwa ma malamin makaranta ne ya ƙaga ta ranar da a ka kai shi aji ɗaya. A da ma'aikaci kan duba ya gane yaro ɗaya ne. Yanzu kwamfuta ke gwada takardun, ita kuwa ba ta san Muhammadu da Mamman abu ɗaya ba ne. In harafi ɗaya ya saɓa sai a mai da kai ofishin NIN gyara, gyaran nan kuma ya kan ci makonni. Wanda ya bari sai saura kwana goma, to ya saya wa kansa tafiya wurin dillalan bakin ƙofa, waɗanda za su ninka masa kuɗi, wani lokaci ma su ɓace da shi.

Tun farkon 2024 ta intanet a ke cika takardar neman fasfo a biya kuɗi, sa'an nan a je ofis ranar da a ka ba mutum domin ɗaukar hoto da zanen yatsu. A Ikko akwai ofisoshi a Ikoyi da Festac da Ikeja. Tilas a je da yaran kansu, don haka a duba kada ranar ta faɗa cikin jarrabawa. Kuɗin ma ba na wasa ba ne. Daga 1 ga Satumba 2025 an mai da fasfo mai shafi 32 na shekara biyar Naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma Naira 200,000. Gida mai mutum bakwai ke nan zai kashe Naira 700,000 tun ba a taka mota ba. Ga wanda iyakarsa Gana, akwai sauƙi: Hukumar Shige da Fice ta daɗe ta na ba da takardar tafiya ta ECOWAS, wadda ta fi fasfo araha amma ba ta aiki sai cikin ƙasashen ƙungiyar, kuma a ƙarshen 2025 an ƙaddamar da katin shaida na ECOWAS wanda a ke nufin ya maye gurbinta. A tambayi ofis wanne su ke bayarwa. A ganina, mai niyyar kai iyali Umra nan gaba gara ya daure ya yi fasfon gaba ɗaya ya huta.

Akwai wata magana da ta shafe mu musamman. Gidajenmu ba sa rasa ɗan riƙo: ɗiyar ƙanwa, ɗan wa, ko yarinyar da a ka kawo daga ƙauye ta na taya uwargida aiki. A wurinmu duk 'ya'ya ne. A wurin jami'in kan iyaka kuwa, yarinya 'yar shekara goma sha biyu wadda sunan ubanta ya bambanta da na mai gidan da ke riƙe da ita, abin tuhuma ce, domin wannan hanya ta Ikko zuwa Kwatano ta yi ƙaurin suna wajen safarar yara. Ba za a ga laifinsu ba in sun tsananta tambaya. Duk yaron da ba naka na cikinka ba, a nemo wasiƙar amincewa daga iyayensa, da hoton katin shaidarsu da lambar wayarsu, in da hali a yi rantsuwar kotu a haɗa. Haka nan in uwargida ce za ta yi gaba da yara maigida ya biyo baya, ya rubuta mata tasa wasiƙar. 'Yan'uwanmu masu takardun Nijar kuma su tuna ƙasarsu ta fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina Faso. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da barinsu su na wucewa ba biza har sai an yi wata sanarwa, to amma a bincika halin da a ke ciki kafin a sayi tikiti.

Sai katin rawaya, watau shaidar allurar rigakafin cutar shawara. Gana na nemansa daga duk wanda ya kai wata tara da haihuwa. Abu biyu ya kamata a sani. Na farko, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, don haka wanda ya yi ta ana gobe tafiya bai yi kome ba. Na biyu, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har iyakar rai, ba sai an sabunta bayan shekara goma ba. Sai dai tun 2019 Nijeriya ta canja katin zuwa sabo mai alamar da na'ura ke karantawa, wanda ma'aikatan lafiya na tashoshin jirgi da kan iyaka ke bayarwa. Kada a sayi na hannun 'yan talla a tasha. Ban da kamun da zai jawo, yaron ka ne zai shiga daji da sauro ba rigakafi. Mai juna biyu da mai jaririn da bai kai wata tara ba su ga likita tukuna.

Hanya biyu ce. Jirgin sama daga Ikeja kimanin awa ɗaya ne, amma kuɗin kujera bakwai ba kowa ba. Ta ƙasa kuwa akwai manyan motocin kamfanoni irin su ABC da ke tafiya kai tsaye, akwai kuma ƙananan motocin Mile 2 da a ke yi guntu-guntu. Mai iyali ya hau babbar mota ko da ta fi tsada, domin ma'aikacin kamfani ne ke tara fasfo ya kai a buga hatimi, ba sai an yi ta sauke kaya ana neman wata mota da yara a hannu ba. Kan iyaka uku za a ƙetare: Seme tsakanin Nijeriya da Binin, Hilakonji tsakanin Binin da Togo, sa'an nan Aflawo, wadda ke manne da birnin Lome. Faɗin Togo a bakin teku kimanin kilomita 50 ne kacal, amma a kan daɗe a ƙofofinta fiye da yadda a ke daɗewa a cikinta. Tafiyar da bisa lissafin nisa ba ta wuce ta awa bakwai ko takwas ba ta kan cinye yini sur. A tashi da asuba, a riƙe ruwa da abinci mai auki, a kuma sa wa yara kaya masu sauƙin cirewa. Matafiya sun daɗe su na kukan kuɗin da a ke karɓa a hanya ba rasit, har da wanda a ke ɗora wa sabon fasfon da ba a taɓa buga wa hatimi ba. Babu dokar da ta ce a biya. Amma wanda takardunsa su ka cika shi ke da bakin yin gardama. Mai zuwa da motarsa kuma zai ƙara da inshorar ECOWAS mai launin ƙasa-ƙasa, da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardar iznin shigar da mota a kowace ƙasa.

Kuɗi iri uku za a taɓa. Binin da Togo sefa su ke ci, Gana kuma sidi. A canji 'yar sefa kaɗan tun daga Ikko, ta ruwa da bayan gida da abincin hanya, ƙananan takardu. Babban guzuri kuwa kada a canja shi a tsaye a Aflawo inda a ke ƙirga wa mutum da sauri mota na hon. A bari sai an shiga gari, mai masauki ya kai ka wurin wanda ya sani. Kada a dogara ga katin banki na Naira shi kaɗai: bankuna da yawa sun dakatar da aikinsa a waje a 2022, ko da ya ke wasu sun dawo da shi a 2025 da ƙayyadadden adadi. A raba kuɗin gida biyu, rabi wurin maigida rabi wurin uwargida. Wani abin lura: a 2007 Gana ta yanke sifiri huɗu daga kuɗinta, sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya, amma har yanzu a kan sami tsofaffin 'yan kasuwa masu faɗin farashi da tsohon lissafi. In ka ji an kira dubbai a kan ƙullin gyaɗa, kada gabanka ya faɗi, sake tambaya.

Game da kaya, magana ɗaya ce mai nauyi. Da an ji za ka Gana za a yi ta kawo saƙo, wannan ƙunshi na wance, wancan kwali na wane. Duk abin da ba a buɗe a gabanka ba kada ka ɗauka, ko na waye. Magungunan gida a bar su cikin kwalayensu tare da takardar likita, a kuma nisanci irin su tramadol da maganin tari mai kodin.

Masauki fa? Zumunci ya sa kowa zai ce wurin dangi zai sauka. To amma wanda ya san Nima da Mamobi ya san ɗakunan can ba su fi namu na Agege faɗi ba. Mutum bakwai su dira gidan mai ɗaki biyu mako biyu, ba sanarwa, wannan ba ziyara ba ce. A yi waya tun da wuri, a bar mai gida ya faɗi gaskiyar abin da zai iya, in ya so a kama ɗaki a kusa a riƙa yini tare. A kai tsaraba, a kuma sa hannu a cefane ba sai an tambaya ba. Abinci dai ba zai zama baƙo ba. Shinkafa da waken da duk Gana ke ci da safe, sunanta na can daga kalmarmu ta wake ya fito, ga tuwon zafi, ga koko da ƙosai a kowace kwana. Hausarsu ta ɗan bambanta, ba su cika rarrabe namiji da mace a magana ba, don haka a ja wa yara kunne kada su yi wa manya dariya.

Tun da hutu a ka je, kada a ƙare shi a zaure ana gaishe-gaishe. A Akra akwai babban masallacin ƙasa a unguwar Kanda, ginin Turkawa, wanda a ka buɗe a 2021, da makwancin Kwame Nkrumah da a ka sabunta a 2023. Wanda ya iya ware yini guda ya kai yara Elmina, su ga ganuwar da Turawan Fotugal su ka gina a 1482, inda daga baya a ka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Kumasi na da nisan kimanin kilomita 250 daga Akra, can ne kasuwar Kejetiya da fadar Sarkin Asante su ke. Bakin teku kuwa a riƙe hannun yara gam. Igiyar ruwan wannan gaɓa na da ja, yaranmu kuma ba su iya iyo ba.

Watan Agusta ya fi dacewa, domin manyan ruwan Akra na Mayu da Yuni sun wuce, gari ya yi sanyi-sanyi, ga shi ya dace da dogon hutu. A Disamba masaukai kan yi tsada ƙwarai. Agogon Togo da Gana na bayan namu da awa ɗaya, a gyara saboda lokutan salla da na tashin mota. Soket ɗin wuta na Gana irin namu ne mai ƙafa uku, na Binin da Togo kuwa mai ƙafa biyu ne irin na Faransa. A kowace ƙofa, kafin mota ta tashi, maigida ya buɗe fasfon kowa ɗaya bayan ɗaya ya ga an buga hatimin shiga, domin wanda ba shi da na shiga zai sha tambaya ranar fita. Tikitin dawowa kuma a yanke shi ya rage aƙalla kwana uku a koma makaranta.