Bayani a kan Zaɓen Dogayen Lasifikoki na Sauraro a Gida

Ku sani ya 'yan'uwa, a shekarar 1961 aka naɗi muryar Shaihu Mahmudul Husari a Masar yana karanta Alƙur'ani duka da ruwayar Hafsu, a 1964 kuma da ta Warshu, wadda muka tashi a kanta. Tun daga nan karatun gwanaye ya yawaita a ɗakunan mutane. To, wanda zai sayi dogayen lasifikokin nan masu tsayawa da gindinsu a ƙasa domin irin wannan sauraro, sai ya san abin da yake nema.

Da yawansu baki uku gare su. Babba na ƙasa shi ke fid da amon ganga, ƙarami na sama shi ke fid da siririn sauti, na tsakiya kuwa shi ke ɗauke da muryar ɗan Adam. Mai kanti ba ya nuna maka sai na ƙasa. Ya sa kiɗa ya ƙure ƙara har ƙirjinka ya girgiza, ka zaci ka sami kaya. Wannan ba gwaji ba ne.

Tafi da karatun surar da ka haddace. A sa ta a wannan, a sa ta a waccan, ƙara daidai wa daida, gama kunne yakan ba wadda ta fi ƙara gaskiya ko ba ta da ita. Saurari sin da sadi, da ha ƙarami da ha mai ruwa. In sun rarrabu sarai, madalla. In sin ta yi tsini tana sukar kunne, za ka gaji kafin a kai izu guda. In gunna ta kumbura kamar mai magana cikin tulu, katakon akwatin ne ke amsawa, bar ta komai kyawunta.

Lambar wat da ake alfahari da ita ba ta nuna daɗin murya, iyakar abin da lasifika za ta iya jurewa ne. Duba lambar om, 4 ce ko 8, ka tabbata amfilifayarka na ɗaukarta. Mai desibel 90 kuwa rabin wutar mai 87 ya ishe ta ta yi ƙara daidai da ita.

Saura ɗaki. Mai rami a baya tana son a janye ta daga bango kamu guda ko fiye, in ba haka ba amo ya rufe haruffa. Akwai wadda aka gina domin kusurwa, ita ce Klipschorn da Paul Klipsch ya fitar a Amurka a 1946, amma ba a kiyasi da ita. Daɓen siminti da tayil suna mayar da sauti, sai a shimfiɗa darduma a rataya labule. In ɗakin ƙarami ne, ɗauki ƙaramar cikin biyun, kuma ka nemi mai kanti ya yarda ka gwada ta a gida kwana biyu kafin ciniki ya faɗa.