Haƙorin da Aka Cire Ba Shara Ba Ne

Idan aka cire wa mutum haƙori a Kaura Namoda ko Shinkafi, a ganinsa an gama. Amma ƙashin muƙamuƙin da ya riƙe haƙorin yakan fara zaizayewa, har ya rasa kusan rabin faɗinsa cikin shekara guda. Don cike wannan gurbi, likitoci kan dasa garin ƙashin saniya ko na alade, ko su yanko ƙashi daga wani sashen jikin majiyyacin. Akwai hanya ta uku da ta cancanci kulawarmu: haƙorin da kansa. Sashensa na ciki, wanda ake kira dentin, kusan kashi 70 cikin 100 ma'adinai ne irin na ƙashi. A 1967 Marshall Urist da abokin aikinsa a Amurka suka nuna cewa yana iya sa sabon ƙashi ya tsiro a jikin zomo, kuma a 2003 Masaru Murata ya ba da rahoton gwada shi a kan ɗan Adam a Japan.

Sirrin yana wurin garkuwar jiki. Duk abin da aka dasa, ƙwayoyin tsaro masu suna makrofej na cikin waɗanda ke fara zuwa su binciki baƙon. Da farko sukan tayar da kumburi don share wurin. Idan sun gamsu, sai su sauya hali, su kira jijiyoyin jini da ƙwayoyin gina ƙashi. Haƙorin mutum ba baƙo ba ne a jikinsa, don haka rigimar takan yi gajarta.

Wani zai ce haƙorin da ya ruɓe cike yake da ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne, shi ya sa ake kankare ruɓar, a niƙa shi, a wanke da sinadari kafin dashe. Ba aikin mai cire haƙori a kasuwa ba ne. Wani kuma zai tambaya ko zai taimaki yaran da cutar noma ta cinye wa fuska, waɗanda ake kai wa asibitin noma na Sakkwato da aka buɗe a 1999. Ramin da noma ke bari ya fi ƙarfin garin haƙori ɗaya. Kuma yaron da tamowa ta raunana, irin waɗanda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke jinya a Zurmi da Shinkafi, garkuwarsa takan kasa karɓar dashe ta gina ƙashi. Dole a fara da abinci da tsaftar baki, domin jikin da ya ƙoshi ne kaɗai ke gane nasa ya riƙe.