Abin Da Kwamfuta Ta Koya Daga Idon Ɗan'Adam

Duk ɗalibin da ya taɓa buga wasan ƙwallo a wayar hannu ya san yadda take ɗaukar zafi, batir kuma ya ƙare nan da nan. A gari kamar Danja, inda sau da yawa sai an biya mai janareta kafin a yi caji, wannan asara ce ta kuɗi. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke cinye wutar shi ne lissafin haske da inuwa.

A ɗauki misalin tumatir guda daga fadamar Danja. In kwamfuta za ta zana shi, tilas ta lissafa launin kowane ɗigo na hoton: wajen da rana ta bugo ya yi ƙyalli, bayansa ya yi duhu. Allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600. In ana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa, lissafin ya haura miliyan 124 a kowace daƙiƙa.

Tun a 1971 Henri Gouraud, a Jami'ar Utah ta Amurka, ya nuna wata hanyar rage aikin: a lissafa haske a kusurwoyin siffar kawai, sauran a cike da kirdado. Amma dabarar da ta fi burge ni, a matsayina na malamin ilmin halittu, daga ido aka samo ta.

Mai karatu, miƙe hannunka ka dubi farcen babban yatsanka. Ɗan wannan fili, kimanin digiri 2, shi kaɗai kake gani tar. Dalili kuwa shi ne, a tsakiyar tantanin da ke bayan ido akwai wani ɗan gurbi, ana kiransa fobiya, inda ƙwayoyin gane launi suka yi cincirindo. Daga nan zuwa gefe sai su yi ƙaranci, gani ya dusashe. Ba mu ankara da haka, domin ido yana tsalle daga wuri zuwa wuri kamar sau 3 a daƙiƙa, ƙwaƙwalwa tana harhaɗa abin da ya tsinto. Malamai na iya gwada wannan a aji: ɗalibi ya kafa ido a kan kalma guda a allo, a ce ya karanta ta huɗu daga gare ta. Da wuya ya iya.

To, me zai sa a wahalar da na'ura a kan wurin da ido ba ya tantancewa? Manomin rake ma ba ya zuba taki a kan hanya. A 2018 kamfanin Nvidia ya fito da na'urorin zane masu iya yi wa ɗigo 4 lissafi guda a wuraren da ba su da muhimmanci, watau aikin wurin ya koma rubu'i. A 2023 kuma Sony ya fitar da tabarau na PlayStation VR2, mai bin motsin ƙwayar ido, domin a ƙawata inda mutum yake kallo kawai.

Sai dai gefen ido yana da tasa baiwar. Bai iya karatu ba, amma yana saurin kama motsi, shi ya sa mai shiga gonar rake kan zabura kafin ya tabbatar maciji ne ya gilma. Saboda haka in aka rage lissafin gefe fiye da kima, hoton kan riƙa kyafkyafta, mai kallo ya gane nan take.